Yadda ake shirya ƙaramar kyamara mai fim da ɗaukar hoto da ita

Ƙananan kyamarorin fim da kamfanonin Japan suka cika duniya da su tun daga ƙarshen shekarun 1970, irin su Canon AF35M ta 1979, Nikon L35AF ta 1983 da Olympus mju-II ta 1997, an ƙera su ne domin wanda bai san komai a harkar hoto ba. Kyamarar ce ke auna haske, ita ke auna nisa, ita ke jan fim, ita ke kunna filashi idan ta ga dama. Abin da ta rage wa mai ita ɗan kaɗan ne, amma a ɗan kaɗan ɗin nan ne ake tafka asara, kuma ba za ka san an yi ɓarna ba sai ranar da aka wanke fim ɗin. Za mu riƙe mju-II a matsayin misali, tunda yawancin 'yan uwanta tafiyarsu ɗaya. Inda wata ta sha bamban za mu faɗa.

Kafin ka biya kuɗi

Kusan duk wadda za ka samu kwance ce, ta yi shekara ashirin, talatin ko fiye a duniya. Ka fara tabbatar da cewa fim mai faɗin milimita 35 take ci. Akwai wasu ƙanana masu kyan gani, irin Canon IXUS na farko, da ke cin wani fim da ake kira APS, wanda aka daina yi tun 2011. Alamarsu ita ce bayansu ba ya buɗewa gaba ɗaya, sai wata 'yar ƙofa da ake jefa fim ta ciki. Ko kyauta aka ba ka, ado ce kawai.

Ka tafi da batirinka. Ita mju-II batir ɗaya take ci, CR123A mai bolt 3. L35AF kuwa AA guda biyu. Akwai batir mai caji da ya yi kama da CR123A a girma, amma in ya cika yana kai bolt 4.2, kuma yana iya ƙona kayan cikin tsohuwar kyamara, don haka kada arha ta ja ka. Ka leƙa ɗakin batirin. Farin gari ko kore a jikin ƙarafan alama ce ta batirin da aka manta a ciki ya fashe. In kaɗan ne, auduga da ɗigon ruwan khal za su cire shi, sai a bari ya bushe sarai. In ya cinye ƙarfen, ka bar musu kayansu.

Da batir a ciki, ka buɗe bayan kyamarar, ka fuskanci wuri mai haske, ka danna kana kallon gilashin ta ciki. Ya kamata ka ga haske ya ƙyafta ya ɓace. Ka shiga inuwa ka gwada filashi: da sabon batir, 'yan daƙiƙoƙi sun ishe shi ya sake cika. Ka haska fitilar waya cikin gilashin. 'Yar ƙura ba komai, ba ta fitowa a hoto. Amma in ka ga zare-zare kamar saƙar gizo, fumfuna ce ta kama shi, kuma tana dusashe hoto. Sai ka taɓa baƙin soson da ke gefen ƙofa da kewayen 'yar tagar da ake ganin fim ta cikinta. Idan ya narke yana manne wa yatsa kamar kwalta, haske zai riƙa sata ta nan. Ana canza shi, kuma kafin a canza, baƙin salatif na masu gyaran wuta a kan gaɓar ƙofar yana toshewa.

Tsakanin mai zuƙo nesa da marar zuƙowa, marar zuƙowar ta fi. Gilashin mju-II yana buɗewa har f/2.8, wato yana shan haske sosai. Masu zuƙowa da yawa in an miƙe hancinsu sai ƙofar hasken ta tsuke zuwa wajen f/10, hoto ya riƙa girgiza, filashi ya kasa kai wa. Ga shi kuma injin miƙe hancin na cikin abubuwan da suka fi saurin mutuwa.

Abu ɗaya kada ka yi ko da wasa: kwance jikin kyamara da sukudireba. Akwai ma'ajin wutar filashi a ciki da ke riƙe wajen bolt 300 ko bayan an cire batir.

Fim shi ne saitinka

A irin wannan kyamara ba ka da ikon zaɓar saurin ɗauka ko faɗin ƙofar haske. Zaɓin da ke hannunka shi ne fim. Lambar ISO da ke jikin kwali tana nuna yadda yake jin haske: mai 200, irin Kodak Gold ko ColorPlus, ya dace da rana da waje. Mai 400, irin Kodak Ultramax ko Ilford HP5 Plus na baƙi da fari, yana jure inuwa, yamma da cikin ɗaki. Mai farawa ya ɗauki 400, domin kyamarar za ta yi saurin ɗauka, girgiza ta ragu. Gwangwani ɗaya hoto 24 ne ko 36.

A jikin gwangwanin akwai wani zane mai ɗaki-ɗaki na azurfa da baƙi. Sunansa DX, Kodak ta fito da shi a 1983, kuma ta nan kyamara ke karanta ISO da wasu 'yan ƙarafa da ke ɗakin fim. Ka goge ƙarafan da busasshen ƙyalle. Fim ɗin da aka sake ɗurawa a tsohon gwangwani, ko wanda ba shi da zanen, kyamarori da yawa sai su ɗauke shi a matsayin 100, ko da 400 ne. Tsofaffi irin L35AF ta farko da hannu ake juya musu lambar, kuma mantawa da hakan kuskure ne da ya zama ruwan dare.

Sa fim a inuwa ake yi, ko ka juya wa rana baya ka kāre da jikinka. Ka buɗe ƙofa, ka kwantar da gwangwanin a ɗakinsa har ya zauna daram, ka ja harshen fim ɗin zuwa alamar da ke ɗaya gefen, galibi ja ce ko ruwan goro. A nan gizo ke saƙa. In harshen bai kai alamar ba, kwarkwaron ba zai kama shi ba. In ya wuce, sai ya yi tozo ya ƙi naɗuwa. Idan ka ja ya yi yawa, ka ciro gwangwanin ka murɗa kansa ka mai da rarar ciki. Fim ya kwanta shimfiɗe tsakanin layuka biyu da ke hanyarsa, na sama da na ƙasa. Kada yatsa ya taɓa gilashin ta ciki. Ka rufe, za ka ji inji ya yi kuka, lamba 1 ta fito. In harafin E ne ke ƙyaftawa, bai kama ba, ka buɗe ka sake. Kada ka ci gaba da dannawa da fatan ya shiga, domin mutum yana iya yin wuni guda yana aikin baban giwa.

Wasu, irin Ricoh GR1 da wasu ƙirar Fuji, da ka rufe sai su zare fim ɗin duka zuwa ɗaya gefen, su riƙa ƙirga daga 36 zuwa ƙasa. Ba lalacewa ba ce, haka aka yi su.

Idan kyamarar na buga kwanan wata a kusurwar hoto, ka saita shi ko ka kashe tun yanzu, domin in ya hau fim ba ya gogewa. Wasu ma kalandarsu a 2019 ta ƙare.

Ɗaukar hoton

Riƙo da hannu biyu, gwiwar hannu a manne da haƙarƙari. Kyamarar ƙarama ce, saboda haka yatsa ko igiya na saurin rufe gilashi, ko filashi, ko 'yan tagogin auna nisa da ke sama, kuma ba za ka gani ba, tunda tagar da kake leƙawa daban take da gilashin da ke ɗauka.

Madannin hawa biyu gare shi. In ka danna rabi, kyamara za ta auna nisan abin da ke tsakiyar taga ta riƙe shi, koriyar fitila ta kama a gefen idonka. In tana ƙyaftawa, ka matso da yawa: mju-II ba ta ganin abin da bai kai santimita 35 ba, wasu ma sai wajen mita ɗaya. Kuskuren da ya fi kowanne yawa shi ne mutum biyu a tsaye, tsakiyar taga ta faɗa a tsakaninsu, bangon baya ya fito tas, su kuwa dishi-dishi. Maganinsa: ka ɗora tsakiyar a fuskar ɗaya, ka danna rabi, ka riƙe, ka gyara tsayuwar hoton yadda kake so, sannan ka ƙarasa dannawa a hankali, ba da fizga ba. Ta cikin gilashin mota ko taga kuwa, yawancinsu gilashin suke aunawa. In akwai alamar dutse a madannai, ita ce ta nesa, ka zaɓe ta. In babu, ka sauke gilashin.

Idan abin yana kusa, ƙasa da mita ɗaya, abin da taga ke nuna maka ya ɗan hau sama da abin da fim zai samu. Shi ya sa ake yanke wa mutane hula. Akwai 'yan layuka a saman tagar, ka ajiye kan mutum a ƙarƙashinsu.

Filashi shi ne wurin da ya kamata ka fi ƙwace iko daga hannun kyamara. Ita jimillar hasken wurin take aunawa, ba fuska ba. Mutum mai duhun fata sanye da farar shadda a tsakar rana, ko wanda ya ba wa rana baya, ko wanda ke zaune a bakin ƙofar zaure haske na bayansa, kyamara za ta ga haske ya wadata ta tsuke ido, rigar ta fito, fuskar ta nutse. A irin wannan hali ka tilasta filashi ko da rana tsaka, ta madannin mai alamar walƙiya, daga nisan mita biyu ko ƙasa. Yana kuma cike inuwar da hula ko rawani ke jefawa a kan idanu. L35AF tana da wani ɗan hannu a gefen gilashi da ke ƙara haske hawa biyu, wato ninki huɗu, saboda wannan matsala. A wadda ake juya wa lambar ISO da hannu kuma kana iya sa fim 400 ka gaya mata 200 ne. Fim mai launi na nagetif yana jure yawan haske, ƙarancinsa ne ba ya yafewa.

Akasin haka, akwai inda filashi ba ya tsinana komai. Ƙarfinsa bai wuce mita uku zuwa huɗu da fim 100 ba, ya ninka da fim 400. Daga cikin 'yan kallo a filin ƙwallo da dare, ƙeyar na gabanka kawai zai haska. A lokacin hunturu kuma, ko wurin da dawaki suka ta da ƙura, yana haska ƙurar da ke dab da gilashi, hoto ya fito da fararen ɗige-ɗige. Ka kashe shi, ka dafa kyamarar a kan katanga ko tebur, ka yi amfani da madannin jinkiri, wanda ke sa ta ɗauka da kanta bayan 'yan daƙiƙoƙi, don kada hannunka ya motsa ta. Sai dai ka tuna, mju-II da ire-irenta suna manta zaɓinka da zarar ka rufe murfi. Duk buɗewa sai ka sake kashewa.

In fim ya ƙare, inji zai naɗe shi da kansa. Ka jira ya yi shiru, lamba ta koma E ko sifili, sannan ka buɗe. In batir ya mutu a tsakiyar naɗi, ka canza batir, kada ka taɓa ƙofa. Akwai wani ɗan madanni a lotse na naɗewa kafin fim ya ƙare, ana danna shi da abu marar kaifi. Idan tsautsayi ya sa ƙofa ta buɗe da fim a ciki, ka rufe nan take. Hotuna uku ko huɗu na ƙarshe sun tafi, amma na can cikin naɗi sau da yawa suna tsira.

Zafi, ƙura da wanki

Zafi yana cin fim tun ba a ɗauka ba: launi ya karkace, hoto ya yi hazo. Aljihun gaban mota a watan Afrilu ya fi ko'ina muni. In akwai firji mai samun wuta, ka ajiye fim a cikin robarsa a rufe, ka fito da shi awa biyu kafin ka buɗe don kada raɓa ta kwanta masa. In wutar ba ta da tabbas, durowa a ɗaki mafi sanyi ta fi. Wanda aka riga aka ɗauka kada ya yi watanni yana jira. A filin jirgi kada ka sa fim a jakar da za a auna ta shiga ƙasan jirgi, kuma sababbin na'urorin bincike na CT suna ɓata shi da wucewa ɗaya, don haka ka roƙi a duba da hannu. Ƙura kuwa a fara hure ta da ɗan famfon iska kafin a goga ƙyalle mai laushi. Goge gilashi da bakin riga yashi ne kake darzawa a kai. Da damina ka jefa ƙunshin silika, irin na cikin kwalin takalmi, a jakar kyamarar, kuma ka cire batir in za ta daɗe a ajiye.

Yawancin shagunan hoto yanzu daga waya da kwamfuta suke bugawa, saboda haka ka nemo mai wanke fim tun kafin ka sayi na farko. Mai launi da maganin C-41 ake wanke shi. Baƙi da fari irin HP5 nasa daban ne, amma Ilford XP2 baƙi da fari ne da ke shiga C-41. Ka ce a dawo maka da nagetif ɗinka, wato fim ɗin da aka wanke, domin shi ne zai gaya maka mai laifi. In ya fito fayau babu hoto amma rubutun gefensa na nan, fim bai shiga ba ko ƙofar haske ba ta buɗe ba. In har rubutun gefen babu, daga wajen wanki ne. In ya yi baƙi ƙirin har gefe, haske ya same shi gaba ɗaya. Jan tabo ko ruwan goro da ke maimaituwa a wuri guda a hotuna, soson ƙofa ne. Dogon layi miƙaƙƙe da ya ratsa hotuna da yawa kuwa ƙwayar yashi ce, ko dai a injin mai wanki ko a hanyar fim cikin kyamararka, sai ka buɗe bayanta ka hure ta kafin ka sa na biyu.