Kurakuran da aka fi yi wajen faɗakar da ɗalibai kan giya ta hanyar barkwanci

Ɗalibi ɗan shekara 15 ba ya son dogon wa'azi, shi ya sa makarantu da yawa suke gayyato masu wasan barkwanci idan za a yi maganar giya. Dabarar tana da kyau, domin dariya tana sa yaro ya saki jiki ya saurara, amma akwai kurakuran da ke sa garin neman gira a rasa ido.

Babban kuskure shi ne a mayar da mashayi tauraron wasa. Na taɓa zama a bayan zaure ina kallon irin wannan wasa: ɗan wasan ya fito yana tangaɗi, harshensa ya karye, yana gaisawa da kujera, ɗalibai kuwa har da masu riƙe ciki don dariya. Da aka tashi, na ga yara uku a bakin ƙofa suna kwaikwayon tafiyarsa, abokansu na tafa musu. Abin da suka ɗauka shi ne maye yana sa mutum ya zama abin sha'awa a cikin taro, alhali an shirya wasan ne don a nuna akasin haka. Gyaran shi ne a sauya inda dariyar za ta faɗa. A ɗora ta kan abokin da ke matsa wa wani lamba da hujjoji marasa kan gado, da kan tallan da ke nuna cewa kwalba ɗaya tana kawo farin jini, a kuma ba wanda ya ce ba zai sha ba amsoshin da suka fi kaifi da ban dariya, domin shi ne ake so yara su kwaikwaya a bakin ƙofa.

Wani kuskuren da ke kusa da wannan shi ne wasan ya nuna kamar kowane matashi yana sha. Tun a 1986 masu bincike biyu a Amurka, Wesley Perkins da Alan Berkowitz, suka nuna cewa ɗalibai suna zaton abokansu sun fi shan giya fiye da yadda suke sha a zahiri, kuma wannan zato yana tura mutum ya sha don kada a bar shi a baya. Idan aka cika dandamali da masu kwalba a hannu, an ƙara wa wannan zato ƙarfi. Ya kamata yawancin mutanen cikin wasan su kasance ba sa sha, kuma a nuna hakan a matsayin abin da aka saba.

Akwai kuma masu gama barkwanci sai su juya zuwa tsoratarwa, su yi ta zuzuta abin da bai kai haka ba. Matashin da ya ga wani ya sha bai mutu ba, nan take zai watsar da duk abin da aka faɗa masa. Gaskiyar da kanta ta isa: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce giya ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 2.6 a shekarar 2019, kuma sashen gaba na ƙwaƙwalwa, wanda ke auna sakamakon aiki kafin a yi shi, ba ya gama girma sai wajen shekara 25. Saboda haka idan ana magana da wanda bai kai shekarun da doka ta yarda ba, 18 a Ingila ko 21 a Amurka, saƙon shi ne ya ƙaurace wa giya, ba a koya masa yadda zai sha kaɗan ba.

Sau da yawa kuma a kan yi tuya a manta da albasa, a fita da raha ba tare da wani ilimin da zai ceci rai ba. Hanta tana ɗaukar kimanin awa ɗaya kafin ta sarrafa ƙaramin kofi ɗaya na giya, kuma shan gahawa mai ɗaci ko wanka da ruwan sanyi ba ya gaggauta aikinta. Wannan camfi kansa abin yi wa barkwanci ne mai kyau. Amma akwai wurin da dole ɗan wasa ya daina wasa, ya faɗa a fili cewa wanda ya bugu har ba ya farkawa ba a barinsa shi kaɗai, ana kwantar da shi a kan ɓarin jikinsa ɗaya don kada amai ya shaƙe shi, a kuma kira motar asibiti ko da ana tsoron faɗan iyaye.

Abin da ya fi damuna shi ne yaron da ke zaune shiru a cikin zauren, wanda mahaifinsa ko mahaifiyarsa ke fama da shaye-shaye. Abin da ɗaruruwan yara ke yi wa dariya, shi a gida yake kwana da shi. Kada a yi wa mai fama da jarabar giya ba'a, kada a kira ɗalibi dandamali a tambaye shi halin gidansu, kuma a sanar da sunan malamin da za a iya samu a keɓe bayan an tashi.

Kuskure na ƙarshe shi ne ɗaukar wasan awa ɗaya a matsayin magani. Shirin D.A.R.E. na faɗakar da ɗalibai kan shaye-shaye, wanda aka fara a Los Angeles a 1983, ya bazu a makarantun Amurka, amma bincike ya nuna tasirinsa kaɗan ne, har aka sauya manhajarsa a 2009 zuwa wadda ɗalibai ke gwada yanke shawara da bakinsu. Don haka bayan wasa a raba su ƙananan rukunai, a maimaita wurin da aka miƙa wa yaro kwalba, kowa ya fito ya gwada amsar da zai bayar, sannan malamin aji ya sake ɗauko maganar bayan mako biyu ya ji abin da ya zauna musu a kai.