Yadda Ake Mayar da Lambu Masaukin Baƙi a Sawagin Kasala

Tun da daɗewa sababbin ma'aurata a Sudan birnin Kasala da ke gabashin ƙasar suke nufa, su sha jabana, wato gahawar gargajiya, a gindin dutsen Totil, su leƙa sawagi, wato lambunan ban-ruwa na bakin kogin Gash, sannan su koma otal cikin gari su kwana. In kana da lambu a bakin Gash, ko da na gado ne, za ka iya riƙe baƙin nan su kwana wurinka, su ci abin da ƙasarka ta fitar.

Da ruwa za ka fara, kafin a buga bulo ko ɗaya. Kogin Gash daga Yuli zuwa Satumba yake kawo ruwa, sauran shekara rairayi ne, rijiya ke ɗaukar nauyin komai. Auna yawan da take bayarwa a Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ka yi lissafin baƙinka a kan wannan. Haɗa famfon da sola, domin man dizal shi ke cinye ribar manomi. Ɗakuna kuma a kan tudu. Wanda ya ga ambaliyar da Gash ya yi a 2003 ba sai an faɗa masa ba.

Sai kicin, inda na fi so a tsaya a natsu. Kada ka rubuta jerin abinci sannan ka shiga kasuwa nema. Zagaya lambu da asuba, abin da ya nuna shi za a ci. Da sanyin hunturu akwai tumatir da albasa da gauta, sai a yawaita miyar ɗanye. In zafi ya shigo a koma wa busasshiyar kuɓewa, wato waika, da kisra mai laushi, wato siririyar wainar dawa, ga mangwaro yana faɗowa kusa da tabarma. Da yamma a hura gawayi a gasa agashe, wato tsiren Sudan, da ƙuli-ƙuli da yaji, wannan kam sana'ar kakanninmu Hausawa ce, babu mai koya mana. Bar baƙo ya tsinki lemun tsaminsa da hannunsa.

Gini kada ya wuce ɗaki huɗu da farko: katangar laka mai kauri, rakuba, wato rumfa ta zana, angarib, wato gadon igiya, da randa a inuwa. Ɓawon kayan miya na awaki ne, kashinsu ya koma lambu ya zama taki, ruwan wanka a karkata shi gindin ayaba.

Yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya koro dubban mutane zuwa Kasala, cikinsu da matan da suka iya girki sosai. Ka ɗauke su aiki, ka biya su kan lokaci. Madara da ƙwai da zuma kuwa ka saya wurin maƙwabta, a yi ciniki tun farkon wata.