Yadda za ka shirya dawowa gida bayan ganin likitan ƙwaƙwalwa a Sakkwato

Shekara uku ina raka ƙanena ganin likita, kuma a bencin jira na ga kuskure ɗaya yana ta maimaituwa. Hankalin kowa yana kan zuwa: a yi sammako, a ciro kati, a samu layi. Dawowa kuwa ba wanda ya shirya mata, sai an fito daga ɗakin allura rana ta take, sannan a fara waige-waigen abin hawa.

Tun daren jajibiri za ka fara. Nemi ɗan rakiya babba, mai ƙarfin tallabe mutum idan jiri ya ɗebe shi. Kada a haɗa majinyaci da yaro don kawai a ce an raka shi. Mashin ɗinsa ko motarsa a bar su a gida, ko da ya rantse lafiyarsa lau. Wanda zai je asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware ya san hanyar Illela zai bi, da tireloli da motocin albasa da dabbobi masu tsallaka titi. Mai zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo tafiyarsa gajera ce, amma dokar ba ta canza ba.

Kafin ku tashi daga gaban likita, tambaye shi abu uku: maganin nan yana sa barci? An ƙara yawansa ko an canza shi yau? Yaushe zai iya komawa tuƙi? Largactil da olanzapine da amitriptyline da diazepam duk suna kashe jiki su kawo gyangyaɗi. Largactil da amitriptyline kan sa jini ya sauka idan mutum ya miƙe da sauri, sai ya ga duhu. Artane da ake bayarwa don sanƙarewar jiki yana sa gani ya yi hazo-hazo, yana kuma rage gumi. Allurar haloperidol takan sa wuya ya karkace ko ido ya kafe sama, wani lokaci sai bayan an isa gida. In hakan ta faru a koma asibiti nan take, akwai maganinsa.

Bayan allura a zauna a inuwa. Ni ba na yarda mu motsa ƙasa da rabin awa, in nas ta ce a ƙara sai mu ƙara. A sha ruwa, a sa wani abu a ciki ko da fura ce. A watan Afrilu da Mayu zafin Sakkwato yana haura digiri 40, kuma jikin da ke kan irin waɗannan magunguna ba ya jure zafi kamar na kowa. Mai shan lithium ma ya fi kowa buƙatar kula da ruwa.

Yanzu ga wurin da ni na yi kuskure, kuma shi ya sa na zauna rubuta wannan. Na ɗauka tunda ba ƙanena ne zai tuƙa ba, shi ke nan. Ranar an yi masa allura an kuma canza masa ƙwaya. Mai keke ya faɗi kuɗin shata, na ga ya yi yawa, sai na tsayar da kabu-kabu biyu. Na tambaye shi ko zai iya, ya ce, "Yaya, garau nake." Ina bayansu ina kallo, kansa ya fara sunkuyawa har goshinsa ya taɓa bayan mai mashin. Hannunsa ya saki ƙarfen baya. Da suka zo kwana sai jikinsa ya tafi gefe ɗaya kamar buhu. Allah Ya sa mai mashin ya ji nauyin ya taka birki, amma ƙafar ƙanena ta manne da salansa ta ƙone, takalminsa ɗaya yana can tsakiyar kwalta. Mun fi wata muna wankin ciwon.

Zama a bayan mashin aiki ne. Kana riƙe kanka, kana bin kwana da jikinka, kana dafewa idan an faɗa rami. Wanda magani ya saukar wa kasala ba zai iya ko ɗaya ba, kuma shi kansa bai san barci ya zo ba. Saboda haka ranar asibiti ba kabu-kabu, ko da ku uku za ku hau a sa shi tsakiya. Keke za ku shiga, a sa shi tsakiyar kujera, in kuma ku biyu ne ya zauna a gefen da aka tare, kai kana bakin ƙofa da hannunka a kafaɗarsa. A mota ya zauna baya da bel. In yana cikin rikicewa a danna makullin yara na ƙofar baya.

Batun kuɗi, na san shata tana da tsada yadda mai ya yi. Abin da na koma yi shi ne na samu mai keke ɗaya a unguwarmu, muka yi ciniki na zuwa da dawowa tun a gida, na riƙe lambarsa. Ya fi arha a kan ciniki a bakin asibiti, inda suka san ba ka da zaɓi. In kun san wani gida da ranar ganin likitansu ta zo ɗaya da taku, ku raba kuɗin.

Komawa tuƙi sai likita ya yarda. Kwanakin farko bayan sabon magani ko ƙarin yawansa su ne mafi haɗari, kuma ƙwayar dare takan kai har hantsi ba ta saki mutum ba. A fara da gajeriyar tafiya cikin unguwa da rana, wani yana zaune a gefe. Birnin Kebbi ko Gusau sai daga baya. Kada a haɗa da Piriton ko maganin tari mai sa barci, balle tiramol. Wanda tuƙi ne sana'arsa kada ya daina shan magani a ɓoye don ya fita aiki, ciwon zai dawo. Ya faɗa wa likita gaskiya, sau da yawa ana iya mayar da maganin zuwa dare ko a canza wani. Lambar jami'an kiyaye haɗurra 122 ce, a sa ta a wayar majinyaci da ta ɗan rakiya.