Yadda ake shirya 'yan ƙauye zuwa jarrabawar JAMB a makarantar da ba kwamfuta

Akwai yarinyar da na koyar shekara uku, wadda a lissafi ba ta da na biyu a ajinsu. Ranar da ta dawo daga rubuta JAMB, jarrabawar neman shiga jami'a da sauran manyan makarantu, ko gaisuwa ta kasa yi mini sai kuka. Ashe kusan minti ashirin ta ɓata tana fama da linzamin kwamfuta, kibiyar tana guje mata, ga kunyar ɗaga hannu a gaban 'yan birni. Ta san amsoshin sarai. Hannunta ne bai san na'urar ba, domin ranar ce rana ta farko da ta taɓa zama gaban kwamfuta. Abin ya tsaya mini a rai ƙwarai, kuma daga shekarar na sauya yadda nake shirya 'yan aji shida.

Tun 2015 JAMB ta daina jarrabawar takarda, kowa sai ta kwamfuta. Ɗan mai hali a Kano ko Kaduna tun yana firamare yake wasa da ita a falon gidansu. Namu yaran kuwa makarantarsu ba wuta, sabis ma sai an hau tudun bayan gari, amma ɗaki ɗaya za a zaunar da su, agogo ɗaya, maki 400 iri ɗaya. Ga abin da nake yi, ga malamin da yake cikin irin halina.

Ka fara da kwali tun kafin ka samu kwamfuta. Ka nemi kwalin taliya ko na sabulu a wajen mai shago, kowane ɗalibi ya zana allon madannai a kai, daidai girman na gaske, kowane harafi a mazauninsa. Abin da yawancin yaranmu ba su sani ba shi ne ana iya rubuta JAMB ba tare da an dogara da linzami ba. A, B, C da D na zaɓen amsa ne. N tana kai ka tambaya ta gaba, P tana mayar da kai baya. S ta miƙa aiki ce, ita ce nake sa su zagaye da jan biro, kada yatsa ya kusance ta sai an gama. Nakan rubuta tambaya a allo, in ce "amsa", su danna a kwalinsu, in ce "gaba", su danna N. Mako biyu ana haka, za ka ga yatsa yana zuwa wurin da kansa ba tare da ido ya nema ba. Wasu malamai sun yi mini dariya da farko. Ban damu ba, domin na ga amfaninsa.

Amma kwali ba zai maye gurbin na'urar ba, dole a samo ko da guda ɗaya ce. Tamu tsohuwar kwamfutar tafi-da-gidanka ce, wani ɗan garin da ke aiki a birni ya ba mu bayan na kai kuka wajen ƙungiyar tsofaffin ɗalibai. Kada ka ji nauyin roƙo a kan wannan. Ka je wurin mai gari, ka je wurin limami ya faɗa bayan sallar Juma'a, ka kira 'yan garinku da ke Abuja da Legas. Idan ta samu, ka kai ta gari inda sabis yake da ƙarfi, a saka mata manhajar gwajin JAMB wadda ke aiki ba intanet, mai tsofaffin tambayoyi da agogo. Ka saya mata linzami da allon madannai na jonawa, saboda irinsu yaran za su tarar a cibiyar jarrabawa. Caji kuma mun yi yarjejeniya da mai cajin waya na bakin kasuwa da ke da sola: da safe a kai, da azahar a karɓo.

Rabon lokaci shi ne wurin da ake zalunci ba a sani ba. Idan ka ajiye kwamfutar ka ce kowa ya zo, yara uku ko huɗu masu baki, waɗanda dama akwai babbar waya a gidansu, su za su mamaye ta. Ɗan talakan da ya fi kowa bukata zai tsaya a baya yana leƙe. Saboda haka nake rubuta sunaye a jere in manna a bango, minti ashirin-ashirin, ina farawa da wanda bai taɓa riƙe ko waya ba. 'Yan mata nakan sa su a farkon layi, domin da la'asar ta yi ana nemansu a gida, ga ɗiban ruwa ga girki. Wanda ya iya, aikinsa ya zauna gefe ya yi bayani da baki, hannunsa a bayansa. Da zarar ya karɓi linzamin ya ce "kawo in nuna maka", to an koma gidan jiya.

Sai agogo. Tambaya 180 ce a awa biyu: 60 a Turanci, 40 a kowane ɗaya daga sauran darussa uku. In ka raba, daƙiƙa 40 ke nan kowace tambaya. Ka sa su saba da tsallake wadda ta yi tsauri, su dawo mata daga baya. Masu lissafi da kimiyya su koyi amfani da kalkuletar da ke cikin kwamfutar, don ba a shiga da ta hannu.

Rajista ma tana kayar da yaranmu tun kafin a kai ga jarrabawa. Tun 2021 sai da lambar NIN, wato lambar shaidar ɗan ƙasa, kuma ta saƙon waya ake tura ta zuwa 55019 a samu lambar da za a sayi fom da ita. Ka tabbatar kowane yaro ya yi NIN tun yana aji biyar, sunansa da ranar haihuwarsa sun dace da na takardun makaranta. Layin wayar kuma ya zama nasa ko na mahaifinsa, a adana shi kamar takardar gona, kada a yi da layin mai shagon intanet ko na wani ɗan uwa da zai tafi cirani. Kuɗin fom da na mota nakan yi wa iyaye maganarsu tun da kaka, lokacin da gyaɗa da wake suke hannu. In ka bari sai watan Janairu, rumbu ya fara sauka, amsar da za ka ji ita ce "Malam, sai dai baɗi." In da hali a haɗa da kuɗin jarrabawar gwaji da JAMB take shiryawa kafin ta gaske. A ganina babu kuɗin da ya fi wannan amfani ga ɗan ƙauye, domin a nan zai ga ɗakin, ya ji sanyinsa, ya gama tsoratarsa a ranar da ba a lissafa maki.

Ga 'yan mata akwai maganar lalle. Da zanen yatsa ake rajista, da shi ake tantancewa a ƙofa, kuma lalle yana hana na'urar karanta yatsa. Ka je da kanka ka gaya wa iyayensu mata, ko biki ne a gidan a haƙura da ƙunshi har a gama. Samarin da aikin gona ko bulo ya cinye musu yatsu, su sassauta 'yan makonni kafin ranar, su riƙa shafa mai.

Idan cibiyar tana da nisa, ku tafi tun jajibiri ku kwana gidan ɗan uwa, ku je ku ga ƙofar da idonku. Da safe kowa ya karya, ya riƙe takardar shigarsa da fensir, waya da agogo a bar su a jakata. A bakin ƙofa abu ɗaya nake maimaita wa kowannensu: in kwamfutarka ta ɗauke ko ta ƙi motsi, kada ka taɓa komai, kada ka zauna kana jira, ɗaga hannunka sama sosai har sai mai kula da ɗaki ya zo kanka.