Yadda Ake Samun Aikin Tuƙin Tirela Mai Buɗaɗɗen Bodi

Yawancin samarin da na ga sun faɗi gwajin ɗaukar direban tirela mai buɗaɗɗen bodi sun iya tuƙi, wasunsu ma hannunsu ya fi na waɗanda aka ɗauka laushi. Abin da ya kayar da su shi ne ɗaurin kaya, domin wannan mota ba ta da bango a gefe ko rufi, kuma duk abin da ke riƙe da siminti ko rodi ko kwantena a bayanta aikin hannun direba ne da yaronsa.

Matakin farko shi ne takarda. Lasisin da ya halatta maka jan tirela a Najeriya shi ne na ajin G, wanda ake samu ta hannun Hukumar Kiyaye Haɗura ta Ƙasa, wato FRSC, tare da jami'an VIO masu duba lafiyar motoci da ofishin haraji na jiha, kuma ba a bayar da lasisin tuƙin haya sai ga wanda ya kai shekara 26. Ka je da ƙafarka a ɗauki hotonka da zanen yatsunka. Dillalin da ya ce zai kawo maka lasisi har gida cikin kwana biyu zai ci kuɗinka ne kawai, saboda manyan kamfanoni suna duba lambar lasisi a kwamfuta, kuma wanda aka kama da na bogi ya rasa aikin da kuɗin baki ɗaya.

Mataki na biyu shi ne koyo, kuma hanyoyinsa biyu ne. Akwai makaranta, kamar wadda kamfanin Dangote ya buɗe a Obajana ta Jihar Kogi domin horar da direbobin tirela, da sauran makarantun tuƙi da FRSC ta amince da su. Akwai kuma tsohuwar hanya ta zama yaron mota a ƙarƙashin maigida, wadda ake nema a wuraren da tireloli ke kwana kamar Mararrabar Jos da Tafa. A ra'ayina, wanda bai yi yaron mota ba bai kammala karatu ba ko da ya riƙe takardar makaranta, amma dole ne maigidan ya kasance yana jan buɗaɗɗen bodi. Wanda ya taso a tankar mai zai iya sitiyari da giya, sai dai bai taɓa jan tamfol a kan buhu 600 na siminti hadari na tasowa ba.

A nan ne nake so ka tsaya sosai. Idan mota ta taka burki, kaya gaba yake nufa, idan ta sha kwana kuma gefe yake nufa, saboda haka duk ɗaurin da ka yi sai ka tambayi kanka ta wane ɓangare ya tare. Rodi da bututun ƙarfe ana jingina su da katangar gaban bodi ba tare da an bar rata ba, a ɗaure su da sarƙa, domin rodin da aka bar wa wuri yana iya sulalowa ya huda kan mota ya iske direba a kujerarsa. Buhunan siminti ana jera su a sarƙe, layi na sama ya hau kan mahaɗar na ƙasa, sannan a rufe da tamfol a ɗaure. Duk inda igiya ko bel ya bi ta kan kaifin ƙarfe, ka sa guntun tsohuwar taya a ƙarƙashinsa, wannan ba ya cin ko sisi amma yana hana igiya tsinkewa a tsakiyar hanya. Idan kwantena ce, makullan kusurwoyinta huɗu sai sun shiga sun juya, kuma ka taɓa kowanne da hannunka. A watan Janairun 2023 kwantena ta faɗo kan motar fasinja a gadar Ojuelegba da ke Legas, mutum 9 suka rasu.

Kuskuren da sababbi suka fi yi shi ne su bar wa masu lodi ɗaurin, su zauna a inuwa suna jiran takardar kaya. Mai lodi yana gamawa zai koma kan wata motar, kai ne za ka ɗauki kayan ka bi ramukan hanyar Mokwa zuwa Jebba da su. Bayan tafiya kaɗan kaya yana zama, igiya ta saki, don haka ka tsaya a wuri mai faɗi ka zagaya motar ka ƙara ɗaurewa, sannan ka maimaita a duk inda ka yada zango. Kayan da ya zarce bodi a baya kuma a ɗaura masa jan ƙyalle.

A ranar gwaji mai dubawa yakan zuba ido tun kafin ka hau. Ka zagaya motar ka duba tayoyi da fitilu, ka tsiyaye ruwan tankin iskar burki, ka jira ma'aunin iska ya cika kafin ka motsa, kuma bayan ka haɗa kai da bodi ka ɗan ja a hankali burkin bodi na riƙe domin ka tabbatar ƙugiyar ta kama. A wajen ribas kada ka ji kunyar sauka ka duba bayanka sau biyu ko uku. Idan aka tambaye ka yadda za ka sauka daga gangaren Hawan Kibo na hanyar Jos da cikakken lodi, amsar ita ce ka sa ƙaramar giya tun daga sama, domin mai dogaro da burki kaɗai zai ƙona shi kafin ya kai ƙasa. Ka kuma riƙe cewa iyakar gudun tirela a kan babbar hanya mai tagwayen layi kilomita 60 ne a awa.

Za a nemi masu tsaya maka, da takardar asibiti ta lafiyar ido, kuma manyan kamfanoni suna gwajin ƙwaya, don haka wanda ya saba da tiramadol domin korar barci ya sani cewa a nan za a tsayar da shi.

Batun kuɗi kuwa, kada ka kalli albashin wata kaɗai. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa naira 70,000 ne tun 2024, amma abin da ke riƙe gidan direba shi ne kuɗin da ake ba shi a kan kowace tafiya. Kafin ka karɓi makulli ka tambaya nawa ne kuɗin tafiya, lita nawa na gas ake bayarwa zuwa kowane gari, wa ke biyan yaron mota, ana biyan kwanakin jiran lodi a tashar jiragen ruwa ta Apapa da ke Legas ko a bakin masana'anta ko ba a biya, kuma idan buhu ya fashe ko ruwa ya taɓa siminti daga aljihun wa za a cire. Mai mota ɗaya ko biyu yakan fi sakin hannu a kuɗin hanya, kamfani kuma ya fi tabbas a ƙarshen wata, kuma ni na fi son sabon direba ya fara da kamfani. Duk abin da kuka daidaita a kai, a rubuta shi a takarda ka riƙe kwafinka.