Darasi na Tara: Lambun Tsakar Gida

Da wuya a shiga gida a Katsina ko Daura a rasa wani lungu da ba a komai da shi. Wani a bayan ɗaki yake, wani a gefen madafi, wani kusa da wurin alwala. Irin wannan lungun ya isa ya ba gida ganyen miya. Ba sai mutum yana da fadama ba, ba sai yana da fili a Ƙofar Marusa cikin 'yan lambu ba. Buhu biyar da za a cika da ƙasa a yi shuka a ciki, da tsohon bokiti, sun isa a fara.

Amma kafin ku sayi iri, ku fara duba ruwanku.

Yawancin lambun gida da ya mutu, ƙishirwa ce ta kashe shi. A cikin Agusta, sa'ad da ruwa ke zuba kusan kullum, kowa manomi ne. Da zarar damina ta ɗauke a ƙarshen Satumba ko farkon Oktoba, sai lissafi ya sake. Ruwan famfo da ake turowa birnin Katsina daga madatsar Ajiwa ba kowace unguwa yake kaiwa ba, inda yake kaiwa ma ba kullum ba. Gidaje da yawa jarka suke saye wurin 'yan ga-ruwa. In bazara ta yi, daga Maris zuwa Mayu, buhun da kuka shayar da safe kafin la'asar ya bushe ƙayau. Saboda haka daidai ruwa daidai tsaki. Wanda ruwan buhu biyar yake da shi, kada ya jera ashirin don ya ga na maƙwabci.

Akwai ruwan da muke zubarwa kullum alhali shuka na sonsa. Ruwan alwala na nan, sau biyar a yini, na mutum nawa a gida. Ku ajiye roba a wurin ku tara. Ruwan wankin shinkafa da na gero da na ganye duk suna yi. Wanda ba ya yi shi ne ruwan wanki mai omo, da ruwan wanke-wanke mai maiƙo da gishiri, da ruwan kwata. Na kwata ma ya fi muni, don ganyen da za a ci ɗanye, kamar latas, yana ɗaukar cuta daga gare shi. A yi ban-ruwa da sassafe ko bayan la'asar, a zuba a gindin shuka a hankali. A rufa saman ƙasar da busasshiyar ciyawa ko ɓawon gyaɗa don laima ta daɗe. Duron da ake tara ruwa kuma a rufe shi, saboda sauro da kuma ƙananan yara masu leƙe-leƙe.

Haɗa ƙasa ba wuya. Kwano biyu na ƙasa, kwano ɗaya na taki. Takin turke, na awaki ko tumaki, shi ya fi sauƙin samu, sai dai ya zama wanda ya ruɓe, ya yi baƙi, wari ya fita. Ɗanyen kashin kaji yana ƙona shuka, a bar shi a rami wata biyu ko uku tukuna. A huda gindin buhu wuri huɗu ko biyar don ruwa ya riƙa tsiyayewa. In gidan na ƙasa ne, a janye buhunan daga gindin katanga, kada damshi ya ci ginin. In na haya ne, a sanar da mai gida tun kafin ya gani da idonsa.

Me za a fara shukawa? A ganina alayyafo. Irinsa ƙanana ne ƙwarai, sai a cuɗa shi da yashi a barbaɗa. Cikin mako uku zuwa huɗu an fara ci. Kada a tuge shi, a yanka da wuƙa a bar gindin, zai sake tohowa. Rama da yakuwa da lalo su ma ba su da fitina. Kuɓewa tana son zafi, ba ta jin daɗin sanyin hunturu, kuma in ta fara 'ya'ya sai an riƙa cira duk bayan kwana biyu ko uku, in ba haka ba ta ƙosa ta zama itace. Zogale kuwa a ba shi wuri a ƙasa. In ya kai tsayin ƙirji a datse kansa don ya yi rassa, kada ya miƙe sama inda hannu ba ya kaiwa. Ganyen da ya yi yawa a shanya shi a inuwa, rana tana kashe masa launi da amfani.

Tumatir shi kowa ke ɗoki, shi ne kuma mai karya zuciya. Lokacinsa hunturu ne. A yi renonsa a tsohuwar roba mako uku zuwa huɗu, a dasa da yamma. Da damina cuta ke kama shi, da bazara furen ke kakkaɓewa saboda zafi. Ga kuma tsutsar nan da manoma ke kira sharon, wadda a 2016 ta cinye gonakin tumatir a Kano da Katsina da Kaduna da Jigawa har kwando ya gagari talaka. Tana shiga cikin ganye ta ci, ta bar fari-fari kamar an zana. In kun ga irin wannan ganyen ku cire ku ƙona. Sabon shiga ya fara da ganye, in hannu ya faɗa sai ya koma kan tumatir da attaruhu.

Yanzu ku karanta wannan hira. Mutum biyu su tashi, ɗaya ta zama uwargida, ɗaya amarya.

"Yaya, fito ki gani! Alayyafon nan babu ko ɗaya."

"Subhanallahi! Me ya ci shi?"

"Akuyar gidan Baba ce. Yara sun tafi makarantar allo suka bar ƙofar zaure a buɗe."

"To, ki yi haƙuri. Kada ki je da faɗa, maƙwabtaka ta fi ganye. Bari Malam ya dawo ya yi musu magana su ɗaure ta."

"Yaya, wahalata fa ta mako uku."

"Na sani. Ai ba ta tuge saiwar ba, zai toho. Jiya kajina ne suka tone miki rama, kin ga ba akuya kaɗai ke da laifi ba. Gobe mu sa yara su samo kara mu yi danni."

Abin da uwargida ta faɗa a ƙarshe shi ya kamata a fara yi tun ranar farko. Lambu ba shinge sadaka ce ga dabbobin unguwa. Dannin kara yana tare akuya, sai dai gara na cinsa, duk shekara sai an sabunta. Kaji da ƙadangaru kuwa ba ruwansu da danni. Ƙadangare yana iya share tsiron da ya fito jiya kafin a gama karin kumallo. Maganinsu tsohon gidan sauro da ya yage, a kafa sanduna huɗu a lulluɓa. Mai kyau na kan gadon yara a bar musu abinsu.

Ƙwari masu maƙalewa a bayan ganye, a gwada musu bedi, wato darbejiya. A daka ganyen ko 'ya'yan, a jiƙa ya kwana, a tace, a yayyafa da yamma. Toka mai sanyi ma tana taimakawa in an barbaɗa da safe. Fiya-fiya da maganin feshin wake ba na ganyen miya ba ne ko kaɗan. Wanda abin ya fi ƙarfinsa ya tsinki ganyen ya kai wa malamin gona na KTARDA, wato hukumar raya aikin gona ta Jihar Katsina, ya gani.

A gidan da ke da mata biyu ko uku, a yi magana tun farko: wa ke ban-ruwa, wa ke da izinin tsinka, kuɗin wa ke sayen jarka. Sau da yawa rigimar ba ta wuce wata ta tsinki zogalen wata ranar girkinta ba tare da ta ce uffan ba.

Aikin aji

1. Rubuta sunayen ganye huɗu da aka ambata a darasin nan.
2. Wane ruwa ne bai kamata a zuba wa shuka ba? Kawo biyu.
3. Kwano 2 na ƙasa yana cin kwano 1 na taki. Kwano 10 na ƙasa zai ci taki nawa?
4. Rubuta kuɗin jarka ɗaya a unguwarku. In lambunku yana shan jarka 1 kullum, nawa ke nan a kwana 7? Nawa kuke kashewa a ganyen miya a kwana 7? Wanne ya fi yawa?

Aikin gida

Zagaya gidanku ka nemo lungun da rana ke samu daga safe zuwa azahar. Auna tsawonsa da faɗinsa da taku, ka rubuta a littafinka, ka zo da shi aji mai zuwa tare da buhu ɗaya wanda ba a amfani da shi.