Yadda za ka ƙera wuƙa ka ji daɗin aikin kuma ta yi ci

Mai koyon ƙira yawanci duka yake so, ya ga ƙarfe ya yi jajir a gawayi ya hau shi da guduma yana jin daɗi, to dai malam ba a nan ingancin wuƙa yake ba, a wuta da mai yake.

Nemo tsohon sifirin mota wajen 'yan gwangwan, ka duba kar ya zama ya tsage, rodi kam manta da shi baya riƙe kaifi. Fara da ƙarama kamar ta yanka albasa. Ka buga yadda ranka ke so, ko ta ɗan karkace ba laifi magagari zai gyara, amma kar ka sirantar da bakin sosai tun yanzu.

Inda ba wasa shi ne wajen tsomawa. Zuga wuta har sai maganaɗisu ya daina kama ƙarfen, wajen digiri 770 kenan, ƙara masa zafi kaɗan sai ka tsoma a mai irin na girki da sauri, ba fetur ba, ba ruwa ba, ruwa kan fasa irin wannan ƙarfe. Goga magagari a bakin, in ya zame bai ci ba to ta yi tauri, sai dai yanzu gautsi gare ta kamar gilas, dole ka goge ta ka mai da ita wuta sama-sama har ta yi kalar busasshen kara. In bakin ya koma shuɗi to zafin ya yi yawa, sake zuga wuta kamar farko ka tsoma.

Ƙota da kube kuwa yi son ranka, ko ka kai wa baduku ya ɗinka.